Bas Ta Cika, Mai Makulli Yana Hanya

Akwai wata Litinin da ban manta da ita ba har na bar aiki, kuma ba na jin zan manta. Ita ce ranar da aka yaba mini a gaban jama'a da ƙarfe takwas saura kwata, kafin ƙarfe tara kuma na kusa jawo a kori wani dattijo daga aiki, saura masa wata bakwai ya yi ritaya. Ku da kuke riƙe da sashen sufuri yanzu ku gyara zama ku ji, don irin kuskuren da na yi ba za ku same shi a littafin ƙa'idojin aiki ba.

Lokacin bai fi shekara huɗu ko biyar da ƙirƙiro Jihar Jigawa ba, ana mulkin soja. Ni ne jami'in sufuri na ma'aikatarmu a Dutse, ina mataki na takwas. Ba mai kirana Isyaku, kowa Tiyo yake ce mini, wato T.O., taƙaitaccen sunan muƙamin da Turanci, har wata rana mahaifiyata a Kafin Hausa ta tambaye ni ko suna na sake ban gaya mata ba. Aikin Tiyo shi ne kula da motocin gwamnati da direbobinsu. Shi yake sa hannu kafin mota ta fita, shi yake ba da takardar shan mai, shi kuma ake nema da faɗa in taya ta fashe a hanyar Kano.

Dutsen wancan lokaci ba ta yanzu ba ce. Gidaje sun yi kaɗan, ma'aikata sun warwatsu. Manya da matsakaita sun sami wuri a Takur, ƙananan kuwa suna ƙauyukan gefe, wasu har Shuwarin. Ga wahalar mai. Mutum ya wuni a layi ya dawo da tanki wayam, ko ya saya a galan wajen 'yan bumburutu a haɗa masa da kananzir. Duk da haka, wanda ya mallaki mota sai ya zo ofis da ita, shi kaɗai a ciki, ko da turawa aka yi ta tashi. Da safe har cacar baki ake yi a kan inuwar darbejiya ɗaya tilo da ke harabarmu.

Ana cikin haka aka ba ma'aikatarmu doguwar bas mai kujera talatin don jigilar ma'aikata. Manufar ita ce masu motoci su ajiye su a gida, a rage cinkoso a gidajen mai, a kuma daina fakewa da layin mai ana makara. Amma da sharaɗi aka ba mu ita. Ofishin da ke rabon motocin gwamnati ya ce bayan wata uku za a duba, in ba ta cika, za a karɓe ta a ba wata ma'aikatar.

Na zauna na tsara mata ƙa'ida da hannuna. Za ta tashi daga Shuwarin ƙarfe bakwai, ta tsaya Takur bakwai da minti ashirin da biyar, ta iso ofis takwas saura kwata. Ba a ɗaukar buhu, ba a ɗaukar dabba. Ta ƙarshe ita ce wadda na fi alfahari da ita, har na ja mata layi biyu a ƙasa: babu tsayuwa, babu zaman tsakiya, yawan kujeru yawan mutane. Na ga abin da lodi fiye da ƙima yake yi wa mutane a hanya, ban yarda a yi shi a motar da ke ƙarƙashina ba. Direban da na ba ta, Malam Haruna, wanda muke kira Ɗan Garki, na gaya masa ranar da na ji ya ɗauki mutum a tsaye, ranar zai ajiye mini makullin motar.

Wata na farko ya wuce, bas tana zuwa da mutum goma, goma sha biyu. Masinjoji ne, da masu shara, da mata biyu masu buga tafireta. Wanda ba ya fashi a cikinsu shi ne Baba Audu.

Baba Audu masinjan ofishin Darakta ne. Tun muna haɗe da Kano yake aiki, da aka raba jiha aka turo shi gida. Siriri ne, ga furfura fal, kullum da goro a kumatu. A hannunsa makullan ofishin Darakta, da na rajista, da na babbar ƙofar shiga ofisoshi suke, a ɗaure da igiyar fata a aljihun rigarsa, in yana tafe tun daga nesa za ka ji su. Shi yake buɗewa, shi yake rufewa. Mutum ne irin na da. In dai kana gaba da shi a mataki, ko ya haifi babanka sai ya rusuna ya gaishe ka. Ni kaina sau nawa ina ce masa, "Baba, don Allah ka daina, kunya kake ba ni." Sai ya yi dariya ya ce, "Tiyo, haka muka tarar." Kafin bas ta zo, a bayan a-kori-kura yake zuwa in ya dace, in bai dace ba ya sa ƙafa. Da ta zo har addu'a ya tsaya ya yi mini a bakin ofis.

Amma mutum goma sha biyu ba za su hana a karɓe mota ba. Sai na tashi haiƙan. Na buga sanarwa na manna a allo, ba wanda ya karanta. Na bi ofis-ofis ina wa'azi kamar mai tallan magani. In ce wa mutum, "Malam, ka duba wunin da kake yi a layin mai. Ka duba kanikawa yadda suka san sunan 'ya'yanka. Ga mota a ƙofar gidanka, ka zauna kawai a kawo ka." Kowa ya ce wallahi gaskiya ne, gobe in sha Allahu. Gobe ta yi ka gan shi ya shigo da motarsa tana tari.

Wani Malam Tijjani na sashen tsare-tsare ne ya fito mini fili. Ya rufe ƙofa ya ce, "Tiyo, bari in gaya maka abin da ba wanda zai gaya maka. Shekara goma sha ɗaya ina hawa babur kafin Allah ya ba ni motar nan. Ranar da na kawo ta unguwa har guɗa aka yi. Yanzu in fito da babbar riga in tsaya bakin titi tare da mai sharar ofishina? Kafin azahar an kai wa surukaina labari cewa na karye."

Na fita daga ofishinsa raina a ɓace, amma na san ba ƙarya ya yi ba. Ba bas ɗin suke gudu ba, idon mutane suke gudu. Saura sati uku wa'adi ya cika, sai na ɗauki fayil na shiga wajen Daraktan Mulki, Alhaji Buba. Bafulatani ne dogo, ba ya son dogon bayani, in kana magana yana kallon agogo. Na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema. Sati ɗaya kawai ka ajiye motarka ka shigo bas."

Ya cire tabarau ya dube ni. Na ce a raina yau na jawo wa kaina. Sai ya ce, "A gidanmu in za a ƙetare ruwa da shanu, ba a tsayawa lallashin garke. Wadda suke bi ake fara sakawa a ruwan. Ƙarfe nawa take zuwa Takur?"

Ranar Litinin Darakta ya fito da jaridarsa ya zauna a kujerar gaba kusa da direba. Ranar Talata mataimakansa biyu suka biyo shi. Ranar Laraba na ga Malam Tijjani ya sauko daga bas yana gyara hula, da muka haɗa ido ya kawar da kai. Kafin Alhamis ta cika maƙil. Wanda a da yake jin kunyar a gan shi a ciki, yanzu tsoro yake ji kada Darakta ya lura ba ya ciki. Sati ya cika Alhaji Buba ya ce shi ya ma fi jin daɗin haka, zai ci gaba. Harabarmu ta zama fili, motoci uku ko huɗu kawai, darbejiya ta huta.

Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Kullum takwas saura kwata ina bakin get da littafina ina ƙirga masu saukowa. Talatin cif. In rubuta talatin, in sa hannu, in tafi ina murmushi ni kaɗai. Ku lura da wannan: ni da nake yi wa jama'a wa'azin bas, ko sau ɗaya ban taɓa shigarta ba. Gidana kusa yake, ina da ɗan babur ɗina. Abin da na sani game da motar nan shi ne abin da na gani a bakin get.

A cikin sati na biyu Ɗan Garki ya same ni a ofis. Ya tsaya yana murza hularsa ya ce, "Tiyo, akwai magana a kan mutanen Shuwarin."

Na ce, "Mota ta cika yau?"

Ya ce, "Ta cika."

"Ka ɗauki wani a tsaye?"

"Ban ɗauka ba. Ai shi ne ma..."

Na ce, "To me ya rage? Haruna, ka ga rahoto nake rubutawa, mu yi magana daga baya." Ya dube ni, ya sa hularsa ya fita. Daga bayan nan ban neme shi ba.

Rahoton ya kai teburin Babban Sakatare, wanda shi ne shugaban ma'aikatan ma'aikatar gaba ɗaya, daga Kwamishina sai shi. Ya ce zai zo da kansa ranar Litinin ya ga isowar bas kafin ya sa hannu a tabbatar mana da ita.

Damina ce, ranar aka tashi da ruwa, ba mai ƙarfi ba amma ba ya tsayawa. Babban Sakatare ya iso da wuri, dogarinsa riƙe da lema. Takwas saura kwata daidai Ɗan Garki ya karyo kwana ya tsaya. Darakta ya fara saukowa, sai mataimaka, sai shugabannin sassa, manyan riguna sai ƙamshin turare. Babban Sakatare ya ƙirga da kansa, ya juyo ya miƙo mini hannu a gaban kowa ya ce, "Tiyo, ka yi aiki. Alhaji Buba, a rubuta masa takardar yabo a sa a fayil ɗinsa." Takardar yabo a wancan lokaci ba ƙaramin abu ba ce, ita ake dubawa in an zo ƙarin girma. Na ji kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Aka ɗunguma zuwa ofisoshi, sai aka tarar da babbar ƙofa a garƙame da kwaɗo.

Aka ce ina Baba Audu? Ba wanda ya gan shi. Aka ce a kawo makullan ajiya. Sai Darakta ya yi gyaran murya ya ce suna cikin durowarsa, a cikin ofishinsa, a bayan wannan ƙofar. Wani ya fara dariya ya ga fuskar Babban Sakatare ya haɗiye ta. Haka manyan ma'aikatar nan suka jeru a baranda, feshin ruwa yana jiƙa musu riguna. Takwas ta yi, takwas da rabi ta wuce. Babban Sakatare agogonsa kawai yake dubawa.

Tara saura minti goma muka ji ƙarar makullai. Baba Audu ne ya shigo get, jiƙe sharkaf, takalmansa a hannu, taɓo har gwiwa. A bayansa masu shara uku da matan tafireta sun lulluɓe kai da leda. Da ya ga taron da ke baranda sai ya durƙusa a cikin ruwan. Ya miƙe ya nufi ƙofa, don rikicewa ya kasa sa makulli a kwaɗo, sai da wani ya karɓa ya buɗe.

Babban Sakatare ya tambayi jami'in kula da ma'aikata, "Wannan ya saba haka?"

A nan sai in yi muku bayani. Akwai rajistar zuwa aiki da kowa yake sa hannu da safe. Takwas da kwata ake jan layi da jan biro, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara. Karo na farko gargaɗin baki, na biyu gargaɗi a rubuce, na uku takardar tuhuma, a ba ka kwana biyu ka amsa, sannan a kai ka gaban kwamitin ladabtar da ƙananan ma'aikata. Kwamitin yana iya dakatar da mutum, yana iya korarsa. Wanda aka kora kuwa ya tafi hannu biyu, shekarun da ya yi duk sun bi ruwa.

Jami'in ya buɗe rajista ya ce, "Ranka ya daɗe, a cikin sati biyun nan wannan ne na uku."

Babban Sakatare ya ce, "Ga mota kyauta gwamnati ta ba ku, manyanku sun iso a kan lokaci, kai mai makulli ka shanya su a ruwa. A ba shi takarda. Ina son fayil ɗinsa a gaban kwamiti ranar Alhamis." Wallahi a lokacin har da ni a masu jin haushin Baba Audu. Gani nake ya ɓata mini rana.

Bayan azahar ya shigo ofishina da takardar a hannu, rigarsa ba ta gama bushewa ba. Bai iya boko ba, ni nake rubuta masa duk wata takarda. Ya tsuguna gefen tebur, na yi na yi ya hau kujera ya ƙi. Na ɗauki biro na ce, "Baba, me ya faru? Shekara da shekaru ba ka makara, sai yanzu da aka kawo mota?"

Ya ce, "Tiyo, ka rubuta na yi laifi, a yi haƙuri."

Na ce, "Ba a amsa tuhuma haka. Dalili ake so. Ba ka samu bas ba ne?"

"Na samu."

"To ya aka yi ta iso ba kai?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsufa ne kawai. Ka rubuta tsufa ne."

Ashe Ɗan Garki yana bakin ƙofa ya kawo littafin mota. Sai na ji ya buga littafin a kan teburina. Tunda nake da shi bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Wane irin tsufa! Tiyo, tun wancan satin na zo in gaya maka ka ce rahoto kake rubutawa. Mutanen nan tun Shuwarin suke shiga su zauna. Mu zo Takur, manya su shigo, kujeru su ƙare. Kana jin Baba Audu zai zauna mataimakin darakta yana tsaye a kansa? Tashi yake ya ce bismilla. Sauran su ga ya tashi su ma su tashi. Kai kuma ka ce ba tsayuwa. To in ya tashi ina zai je? Sauka yake! Kullum a Takur nake zubar da su, mutum bakwai, mutum takwas. Ranar da suka sami acaɓa su iso, ranar da ba su samu ba su taka. Yau da ruwan nan wane ɗan acaɓa ne zai fito?"

Na juya wajen Baba Audu. Na ce, "Baba, gaskiya ne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba wanda ya ce in tashi, Tiyo. Ni na tashi da kaina. Don girman Allah kada ka sa sunan kowa a takardar nan."

Na sallame su na rufe ƙofa. Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na daɗe a zaune ina neman hanyar da zan tsira. In na rubuta abin da Baba Audu ya ce, ba wanda zai san komai, bas ta tabbata, takardar yabona ta shiga fayil. Wataƙila kwamiti ya tausaya masa, wataƙila kuma ya ƙi, tunda Babban Sakatare ne da kansa ya jiƙe a baranda. In kuwa na faɗi gaskiya, na tsaya ke nan na ce talatin ɗin da nake rubutawa kullum ina taƙama, a kan wuyan masu shara na same su. Har na fara rubuta "saboda rashin lafiya da yawan shekaru". Na kalli layin nan na ji kunyar kaina ta kama ni, na yaga takardar.

Washegari da safe na shiga wajen Darakta. Wannan karon bai kalli agogo ba. Da na gama sai ya ce, "Ina gaba ina karanta jarida, ƙofa tana bayana. Ina jin ana hawa ana sauka, ban taɓa waiwayawa ba." Ya dafe goshi. "Mutumin nan shi yake kawo mini shayi kullum. Sati biyu yana zuwa da gumi, ban tambaye shi ba. Har ni na sa hannu a takardar gargaɗinsa. Innalillahi. Tashi mu je."

Tunda Babban Sakatare ne ya ba da umarnin tuhumar, shi kaɗai zai iya janye ta. Muka shiga, Darakta ya ce, "Ranka ya daɗe, Tiyo yana da magana." Ya bar ni a tsaye ni kaɗai. Na faɗa tun daga farko har ƙarshe, da ƙa'idar da na ja wa layi biyu, da zuwan Ɗan Garki da na kore shi.

Babban Sakatare ya ce, "Ba kai na yaba wa jiya ba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Sau nawa ka shiga motar?"

"Ban taɓa shiga ba, ranka ya daɗe."

Ya ajiye biro ya dube ni har na rasa inda zan sa idona. Ya ce, "Kana ƙirga waɗanda suka sauko, ba ka san waɗanda aka sauke ba. Ni ma jiya haka na yi." Ya sa aka kawo fayil ɗin Baba Audu, ya ja layi a kan takardar tuhumar, ya rubuta an janye, ya ce a cire gargaɗin nan biyu ma. Da na ga ya sa hannu sai hankalina ya kwanta. Alhamdulillahi na yi ta faɗa a zuci, ban san sau nawa ba. Ya ce takardar yabona kuma a dakata da ita. Wallahi ko a jikina.

Sannan ya ce to yaya za a yi da motar. Ni da saurin baki na ce zan buga sanarwa cewa daga yau wanda ya riga zama ya zauna, an hana kowa tashi wa kowa. Darakta ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce, "Kai Tiyo, kai da takarda! Ka rubuta wa Baba Audu sanarwa ka hana shi tashi wa na gaba da shi? Rubuta mu gani." Ya ce a kira direba, shi ya san motar. Ɗan Garki ya shigo yana ɗari-ɗari, aka tambaye shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sahu biyu. In ɗebo mutanen Shuwarin da wuri in kawo su kai tsaye, ban tsaya Takur ba. Su buɗe, su share. In koma in ɗebo manya. Man da za a ƙara kaɗan ne." Nan take aka amince. Abin da na kasa gani da littafina da birona, mutumin nan ya gama tsara shi tun wancan satin.

Da na gaya wa Baba Audu an janye tuhuma, abin da ya fara tambaya shi ne ko na sa sunan wani. Na ce nawa kaɗai na sa. Ya ce, "Ash, Tiyo, da ba ka yi haka ba." Sai kuma idonsa ya kawo ruwa, ya juya ya ce zai je ya duba ruwan shayin Darakta.

Ranar da aka fara sahu biyu na ce lallai yau sai na shiga motar nan. Na ajiye babur, na tafi Shuwarin tun da sassafe. Labari ya bazu, ƙananan ma'aikatan da a da suka haƙura da bas duk sun fito, kafin in gama gaisawa da mai shayi ta cika. Na hau na tsaya a bakin ƙofa ina dubawa, babu kujera ko ɗaya. Sai na ji ƙarar makullai. Baba Audu ne ya miƙe daga kujerarsa, ya tattara rigarsa, yana matsowa wajen ƙofa.

"Bismilla, Tiyo."

Ni a ganina ƙaramin ma'aikaci ne ni, mataki na takwas, mai babur. Ban taɓa sa kaina a cikin manyan da ake tashi wa ba. Na ce, "Baba, koma ka zauna." Ya ce a'a. Na ce don Allah. Ya ce ba zai iya ba. Ɗan Garki yana kallona ta madubi. Sai na ja da baya na sauka, na tura ƙofar na rufe daga waje, na buga jikin motar na ce, "Haruna, tafi!" Na tsaya ina kallo har sai da na hango farar hular Baba Audu ta koma daidai taga.

Bas ɗin ta zauna a ma'aikatarmu shekaru, da yawa daga masu motoci ba su ƙara zuwa da su ofis ba sai ranar Juma'a in za su wuce gida. Baba Audu ya yi ritaya bayan wata bakwai, fayil ɗinsa tas. Abin da na ɗauka daga wannan shi nake bar muku. Jawo mai mota ya shiga bas ba wuya, ku nemo wanda yake jin nauyi ku sa a gaba, zai biyo. Amma mutanenmu ƙanana ba za su zo su ce muku an danne su ba, musamman in da ladabinsu aka danne su. Za su sauka ne su taka, in kun tambaya su ce tsufa ne. Don haka duk motar da aka ba ku, ku je inda take tashi ku gani da idonku.

Ni kuwa ranar da na sauka daga bas ɗin nan a Shuwarin, a bayan a-kori-kura na iso ofis, tsakanin buhunan gero, takwas da minti ashirin. Na sa hannu a ƙasan jan layi. Ƙofofi duk a buɗe suke, an share, Baba Audu yana zaune a bencinsa yana cin goro.